Daren da ya rage minti 4 da daƙiƙa 37 Teksas ta faɗa duhu gaba ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau da asuba da muka fito masallaci nan wajen Ƙofar Ƙaura hazo ya rufe ko'ina, fitilar mashin ma sai ta zo dab da kai kake ganinta, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, wajen mai shayi kuwa ba masaka tsinke kowa na miƙa hannu yana jin ɗumi. Nan wani dattijo yake cewa ai wannan sanyin ko a ƙasar Turawa sai haka. Maganar nan ta tsaya mani a rai har na dawo gida, shi ya sa na ce bari yau in kawo maku labarin sanyin da ya faɗa ma jihar Teksas ta Amurka a watan Fabrairun 2021, wanda ya ɗauke wutar gidaje da shaguna sama da miliyan 4.5, kuma hukumar lafiya ta jihar da kanta ta ce mutum 246 suka rasu. Ku daure ku kalla har ƙarshe don akwai wajen da abin ya shafe mu kai tsaye, mu da muke kwana da kaskon gawayi a ɗaki.

Ku kalli taswirar nan. Ga Teksas can kudancin Amurka, ta yi iyaka da Meksiko, girmanta ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na Najeriya, mutanenta a lokacin kusan miliyan 29. Ƙasar zafi ce fa, irin wadda mutane suka fi damuwa da esi a kan hita, gidajensu ma an gina su ne don su sha iska su fitar da zafi. Kuma duk Amurka ba jihar da ta kai ta haƙo ɗanyen mai da iskar gas. To a irin wannan wuri ne mutane suka kwana uku, wasu huɗu, ba wuta ba ruwa suna makyarkyata, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga ina sanyin ya taso? Can ƙuryar arewacin duniya akwai wata iska mai masifar sanyi da ke kewaya a sama, kamar garken shanu ne a cikin shinge, muddin shingen na da ƙarfi suna nan inda suke. A watan Janairun 2021 sama can ƙololuwa ta yi ɗumi ba zato, shingen ya saki, sai iskar nan ta ɓalle ta gangaro ta Kanada ta ratsa tsakiyar Amurka har bakin teku. Duka ƙananan hukumomi 254 na Teksas aka sa su cikin gargaɗin guguwar sanyi a lokaci guda, dusar ƙanƙara har kan yashin bakin teku a Galveston. Ranar 16 ga wata a Dallas ma'aunin ya sauka digiri 19 ƙasa da sifili, Houston kuma kusan 11 ƙasa da sifili. Don ku gane, firizar da ake daskarar da kaji da kifi ana saita ta ne a 18 ƙasa da sifili, wato tsakar gidan mutum ya koma cikin firiza. Mu nan hunturun da muke kuka da shi, yawanci yana saukowa ne wajen 12 ko 13 sama da sifili.

Sai kowa ya kunna hita, kuma fiye da rabin gidajen jihar da lantarki suke ɗumama ɗaki. Daren Lahadi 14 ga wata buƙatar wuta ta haura kusan megawat 69,000, ba a taɓa ganin haka ba a lokacin sanyi. A daidai lokacin kuma tashoshin da ke samar da wutar suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne nake so mu tsaya mu fahimta sosai. Gas in ya fito daga rijiya yana tahowa da ruwa a cikinsa, ruwan nan ya daskare a bakin rijiyoyi da cikin bututu, gas ya ragu. Tashoshin su kansu da yawa a fili aka gina su ba rufi saboda zafin bazara, ƙananan bututun da ke kai ma na'urori awo suka daskare, na'ura in ta ga awon da bai yi mata ba sai ta kashe inji don kariya. Har tashar nukiliya ta South Texas Project injinta ɗaya ya tsaya, saboda ɗan siririn bututun awo guda da ya daskare. Fankokin iska ma, irin waɗanda kuke gani a Lambar Rimi, ƙanƙara ta manne a fukafukansu wasu suka tsaya, kuma a ranakun an yi ta ɗora masu laifin duka, amma binciken hukumomin tarayya daga baya ya nuna tashoshin gas ne suka fi yawa cikin waɗanda suka faɗi, kusan kashi 58 cikin ɗari. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan, da aka fara yanke wuta a unguwanni, an haɗa har da wuraren da ke tura gas ɗin, don da yawansu ba su cike takardar da za ta nuna cewa kada a taɓa layinsu ba. Ba wuta ba a tura gas, ba gas ba a samar da wuta, haka abin ya yi ta cin kansa.

Yanzu ku tuna ƙaramin janaretanku na gida. Yana tafiya lafiya lau, sai yaro ya jona dutsen guga, nan take za ka ji muryarsa ta canza ya fara nishi, fitila ta dusashe, in ba ka yi maza ka zare ba ya mutu, wani lokacin ma ya ƙone. To babban layin wuta ma haka yake, duk injinan da ke kansa tare suke juyawa da bugu ɗaya, a Amurka bugu 60 a daƙiƙa, mu nan Najeriya 50. In kaya ya fi ƙarfin injina bugun sai ya fara sauka. Da ƙarfe 1:25 na wannan daren, wayewar Litinin 15 ga wata, hukumar da ke riƙe da layin jihar, ERCOT, ta ba da umarni a fara yanke ma mutane wuta, amma tashoshi na ci gaba da faɗuwa, wajen ƙarfe 2 saura minti 10 bugun ya sauka ƙasa da 59.4. Kun ji kamar ba wani abu ba ne ko? To ƙa'idar ita ce in ya yi minti 9 a ƙasa da nan, sauran tashoshin za su fara zare kansu don kada injinansu su lalace, shi kenan jihar ta mutu ɗungurungum. Ya yi minti 4 da daƙiƙa 23 a wurin kafin su samu su ɗago shi da ƙarin yanke wuta. Saura minti 4 da daƙiƙa 37 kenan. Shugabannin hukumar sun ce da ya faɗi, tada shi zai iya ɗaukar makonni ko ma watanni, don tashar wuta ita ma sai da wuta take tashi.

Wutar da suka yanke don su tsira ta kai megawat 20,000. Duk Najeriya abin da babban layinmu ke rabawa yawanci tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000, ku lissafa da kanku. Da farko an ce ma mutane karɓa-karɓa za a yi, a ɗauke nan na ɗan lokaci a kawo can, amma yawan abin da za a yanke ya sa ba inda za a juya, layin da ke da asibiti an bar shi, wanda aka ɗauke ma kuwa shiru kake ji.

Wani zai ce to mi ya hana su aro daga maƙwabta? Amurka manyan layuka uku gare ta, na gabas, na yamma, sai Teksas ita kaɗai da nata. Tun shekarun 1930 kamfanonin jihar suka ƙi tsallaka iyaka da wayoyinsu don kada dokokin gwamnatin tarayya su hau kansu, 'yan ƙananan mahaɗai kawai suka bari, ranar da gida ya kama da wuta ƙofar ta yi kaɗan. Kuma ba za a ce ba a gargaɗe su ba, a Fabrairun 2011 an yi irin wannan sanyin an ɗauke ma miliyoyi wuta, hukumomin tarayya suka rubuta rahoto suka ce a lulluɓe bututu a shirya ma sanyi, amma shawara ce ba dole ba, kuma kuɗi za ta ci, da yawa suka yi kunnen uwar shegu da ita. Birnin El Paso da ke can yammacin jihar yana kan layin yamma ne, kuma bayan wahalar 2011 sun kashe kuɗi sun gyara tashoshinsu, a 2021 kusan lafiya suka wuce. Ni a ganina nan maganar take, sanyi dai daga Allah ne, amma shekara 10 da rahoto a hannu ba a yi aiki da shi ba, wannan kam sakacin mutum ne. Sai bayan an binne mutane, a watan Yunin 2021, gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta tilasta shirin sanyi, shugaban ERCOT Bill Magness kuma tun a Maris aka sallame shi. Farashin wuta a kasuwar sari ma a ranakun an kai shi dala 9,000 kan megawat ɗaya na awa guda, wasu magidanta suka ga bil na sama da dala 10,000.

Mu shiga cikin gidajen yanzu. Mu nan mun san duhu, ko a Oktoban 2024 da manyan layukan da ke kawo ma Arewa wuta suka samu matsala mun yi sama da mako guda, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara sun ji jiki, layin wajen mai caji har titi, amma dai mun dafa abinci da itace da gawayi, mun sayi ruwa wajen 'yan garuwa. Su can murhu lantarki, hita lantarki, ko hitar gas ce fankarta sai da lantarki. Ga bututun ruwa na fashewa cikin bango da silin, kun san yadda kwalbar lemo ke fashewa in an manta ta a firiza, ruwa in ya daskare kumbura yake. Mutum sama da miliyan 14 aka ce su tafasa ruwa kafin su sha, alhali ba abin tafasawar, wasu dusar ƙanƙara suke kwasowa a bokiti su narkar don bayan gida. Cikin mutum 246 ɗin nan, 161 sanyi ne ya kashe su, da yawa tsofaffi ne, wasu a kan gadonsu aka same su.

Gaba kura baya siyaki, sai mutane suka fara shigo da abin gasa nama na gawayi cikin falo, wasu suka kunna janareta a cikin gida, wasu suka shiga mota a rufaffen gareji suka tada ta don su ji ɗumi su yi cajin waya. A Houston wata mata da ƙaramar yarinya haka suka rasu. Sama da mutum 1,400 aka kai asibiti saboda wata iska mai guba da suka shaƙa, 19 suka rasu. Sunanta kabon monoksaid, tana fita daga gawayi da itace da fetur in suna ci a inda iska ba ta wadata ba, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi kama ta fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Ko hayaƙi ya daina fita garwashi ya yi jajir, tana nan tana fita.

Wallahi duk lokacin da na zo nan sai na tuna kakarmu a Daura, Allah ya jiƙanta. Da hunturu takan sa kaskon garwashi a tsakiyar ɗaki mu kewaye shi muna gasa gyaɗa, ta toshe taga da tsumma ta saki labulen buhu a ƙofa. Akwai daren da barci ya kwashe mu duka ba a fitar da kaskon ba, da asuba na tashi kaina kamar ana sara shi da gatari, ƙanwata na ta amai, na miƙe ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Aka ce ko iska ce ta buge mu, aka yi mana tofi aka shafa. Sai da na girma na gane Allah ne kawai ya yi da sauran kwana, da kuma ɗan ramin da ke ƙasan ƙofar nan.

Don haka 'yan uwa in za a ji ɗumi da gawayi a bar taga a buɗe, kuma kafin a kwanta a fitar da kaskon tsakar gida. Janareta kuma waje, nesa da taga da ƙofa, kar a sa shi a zaure ko kicin ko shago a rufe saboda tsoron ɓarayi, gara a yi mashi keji da sarƙa a waje. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi tare da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko wani ya ƙi farkawa, a buɗe ko'ina a fito da su iska nan take, wanda zai shiga ɗauko su ma kar ya daɗe a ciki, sannan a wuce asibiti ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a gaya ma likita cewa da gawayi ko janareta aka kwana. Ku tura ma iyayenmu mata bidiyon nan a WhatsApp, su ne masu hura kaskon. Sai mun haɗu a na gaba in Allah ya kai mu.