Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Yaɗa Labarai a Ziyararsa ga 'Yan Jarida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma Kwamishinan Yaɗa Labarai, Babban Sakatare da daraktocin da suka rufa masa baya, iyayenmu da suka riga mu riƙe alƙalami, shugabannin gidajen rediyo da talabijin da jaridu, 'yan'uwana ma'aikata maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan jaridar da ke aiki a wannan jiha, ina yi maka barka da zuwa, lale marhabin. Mun saba mu ne ke zama a bencin ƙofar ofishinka muna jiran a yi mana iso, sai ga shi yau kai ka tako, kuma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. An san jawabi irin wannan da jero yabo, daga nan a miƙa ƙoƙon bara na mota da kwamfuta. Mun yi shawara mu ajiye ƙoƙon, mu yi maka zancen abin da ya fi damunmu, wato yadda kuɗi ya shiga tsakanin ɗan jarida da gaskiya, kuma da laifinmu za mu fara.

A shekarar 1939, lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, kwabo shi ne kuɗinta, sunanta kuwa alkawari ne ga mai saye cewa abin da ke ciki ya fi abin da ya biya. A yau akwai labarin da mai sauraro ke ji a rediyo yana zaton wakili ne ya bincika ya kawo, alhali an biya kuɗinsa a sashen kasuwanci an karɓi rasit, aka cusa shi cikin labaran duniya ba tare da an ce talla ce ba. Mai hali ya sayi minti biyu ya wanke kansa, mutanen ƙauyen da rufin makarantarsu ya yaye kuwa ba mai jin duriyarsu, domin ba su da abin biya.

Duk wanda ke wannan zaure ya san takardar da ake zagayawa da ita bayan taron manema labarai a rubuta suna, ya san ambulan da muke sakayawa da sunan kuɗin mota ko na goro. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun haramta wa ɗan jarida neman irin wannan kyauta ko karɓarta domin ya buga labari ko ya danne shi, kuma ba mu da bakin musun haka. Sai dai duk wanda ya zargi wakili ya ƙyale mai gidan da wakilin ke yi wa aiki, bai gama magana ba. Ni kaina na taɓa yin watanni a wata jarida ba albashi, da muka yi ƙorafi aka nuna mana katin shaidar da ke wuyanmu aka ce shi ne gonarmu. Wanda aka tura neman labari da yunwa, gida kuma ana jiran cefane, ko an karanta masa ƙa'idojin Ilori sau goma, a gaban ambulan hannunsa zai rigayi tunaninsa.

Masu gidajen su ma suna da nasu kukan. Takardar buga jarida daga waje ake sayo ta tun da masana'antar yin takarda ta Oku Iboku ta durƙushe, kuma tun da aka bar wa kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinta ya ƙara tashi. Gidan rediyo ba ya motsi sai da man dizal, tallan da a da ke riƙe da shi kuma ya koma Facebook da Google. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, hakan ya ba talaka murya, amma tashoshin sun yi yawa a kan kasuwa ƙarama, shi ya sa aka koma sayar da fili ga sojojin baka, waɗanda ke cin mutuncin mutane da dare a kan kuɗin ubangidansu. Illar sakaci kuwa mun gan ta a Kaduna a watan Nuwamban 2002, inda 'yan kalmomi a wata maƙala da ba a tace ba suka zama sanadin rasa rayuka fiye da ɗari biyu.

Mai girma Kwamishina, a nan ne maganar ta iso gare ka, domin a yawancin jihohin Arewa babu mai ba da talla kamar gwamnati, kuma wanda ya fi kowa biya ba ya buƙatar ya ce a yi shiru, editoci da kansu za su auna. Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta riƙa bayyana wa jama'a abin da ta kashe a kan talla da gidajen da suka samu, a biya bashin tallan da aka riga aka watsa a kan kari, kada kuma a janye yarjejeniya daga wata tasha saboda ta ba 'yan hamayya dama. Muna kuma roƙon a umarci ma'aikatu su riƙa amsa takardunmu na neman bayani cikin kwana bakwai, kamar yadda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta tanada, domin jita-jita tana yaɗuwa ne a inda aka rufe fayil. Idan ɗayanmu ya ɓata wa wani suna, kotu tana nan. Kama ɗan jarida da dare da sunan dokar laifukan intanet yana tuna mana da dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor a ƙarƙashinta, alhali sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mana nauyin bin diddigin gwamnati.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin cewa duk abin da aka biya za a ambace shi da sunan talla, kuskure kuma za a gyara shi a shafi ko a lokacin da aka yi shi, ba a wani lungu ba, sannan za mu zauna da masu gidajen a kan albashi. Mun rubuta waɗannan buƙatu da alkawura a takarda, sakatarenmu zai miƙa maka ita yanzu, kuma muna sanar da kai, cikin girmamawa, cewa taron yau babu takardar rubuta suna.

Allah ya taya ka riƙo, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Ranka ya daɗe, bisimilla, fili naka ne.