Sharhi: Dam ɗin ƙasa da mai duba gindinsa

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 ne Dam ɗin Alau, wanda aka tare kogin Ngadda da shi a ƙaramar hukumar Konduga, ya ɓalle. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga Maiduguri, ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Har gidan zu bai tsira ba, mutane na gudun ruwa suna kuma fargabar kada da maciji. An kammala wannan dam ne a 1986, kuma ya taɓa yi wa garin irin wannan aika-aika a 1994. Mutanen Kano ma ba su manta da ɓallewar Dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba.

Da yawanmu in an ce dam, bangon kankare muke hangowa. Alhali yawancin madatsun Arewa, har da Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, tarin ƙasa ne. Katafila ta share wuri, tifofi su yi ta jido ƙasa ana bazawa hawa-hawa, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne, sannan a ƙara wani hawan. A tsakiya ake sa yumɓu don ya hana ruwa ratsawa, a jera duwatsu a fuskar da igiyar ruwa ke duka. A gefe kuma a bar wa rarar ruwa hanyar wucewa, domin idan ruwa ya haura ta saman bangon ƙasa, cinye shi yake yi kamar an zuba wa ƙanzo miya.

To irin wannan gini kullum yana son ido. Bishiya ta fito a jikinsa, saiwarta ta huda shi, ran da ta mutu ta ruɓe ta bar wa ruwa kafa. Gara ta yi suri, gafiya ta haƙa rami. Yashi da laka da kogi ke kwasowa kowace damina su taru a ƙasan tafkin, wurin ajiyar ruwan ya yi ta raguwa ba wanda ya gani. Akwai kuma abin da injiniyoyi suka fi tsoro. Je ka gindin dam ta bayansa, za ka iya tarar da ɗan wuri mai damshi, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani. In ruwan da ke tsattsafowa garau yake, a auna shi a ci gaba da lura. In ya fara fitowa da jan ƙasa, to cikin bangon ne yake zaizayewa, kuma ba a kwana da wannan labari.

Wanda zai ga wannan alama, ƙaramin ma'aikaci ne mai takalmin roba da littafin rubutu, wanda babu wanda ke gayyata ranar yanka kyalle. Shi ne kuma na farko da ake hana wa man babur idan kasafi ya yi ƙaranci. A nan nake ganin laifinmu yake, har da mu 'yan jarida, da muke rububin ɗauko labarin sabuwar kwangila mu bar tsohuwar da ke tsatsa.

Ana iya jin maganar masana in an so. A 1992 an rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga don a sassauta wa bangon, aka haƙura da wani kaso na ruwan da ake tarawa, kuma har gobe manoman Kadawa da Kura suna noman rani da shi.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau da faɗaɗa shi. Madalla. Abin da muke son ji daga ma'aikatar albarkatun ruwa shi ne, bayan ɗan kwangila ya kwashe injinansa, nawa aka ware duk shekara don sare bishiyoyi da kwashe laka da gyaran ƙofofi, wa zai riƙa duba gindin bangon, kuma wa zai buga wa waya da tsakar dare in ya ga jan ruwa.