Cutar da mara lafiya kan kawo asibiti a cikinsa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Kumasi. Duk wanda ya taɓa jinya a Komfo Anokye, wato Gee, ya san fargabar nan ta kada mara lafiya ya kwaso wata cuta daga gadon kusa. Hakan na faruwa. Amma sau da yawa ƙwayar da ke kwantar da shi, da ita ya zo daga gida, a hanjinsa ko a bakinsa.

Hanjin mutum kamar gidan haya ne a Aboabo, ko'ina cike. Bakteriya tiriliyoyi ne a ciki, a baki kuma an gano kala wajen 700. Yawancinsu masu zaman lafiya ne, sun cinye abinci sun tare wuri, ɓata-gari irin su Klebsiella ba sa samun sakewa.

To, sai a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko na likita ko kafso ɗin da aka saya a Kejetia don ciwon ciki. Maganin bai san nagari da mugu ba. Masu rauni su mutu, waɗanda ba sa jin magani su gaje ɗakunan, su hayayyafa. Mutum na yawonsa lafiya lau, bai sani ba.

Ranar da aka kwantar da shi ne ƙofa ke buɗewa. An yi tiyata, an sa robar fitsari, an sa allurar ƙarin ruwa. Ta nan ƙwayoyin hanji ke kaiwa mafitsara ko jini. Wanda ke kan injin numfashi kuwa, yawu na taruwa a maƙogwaro, ya gangara huhu da bakteriyar baki, ya zama namoniya. A ba da maganin da aka saba, shiru kake ji.

A 2019 kaɗai, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne bakteriyar da ba ta jin magani ta kashe a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

Ke Hajiya mai jinya, ki wanke hannu da sabulu bayan kin zubar da fo, kafin ki buɗe kular abinci. Ki tambayi nas yadda za a goge masa baki, ko da ba ya cin komai. In likita ya zo zagaye, ki nuna masa kwalin duk maganin da ya sha a watannin baya, har da wanda maƙwabciya ta ba shi.