Zomanya Ta Fara Fitsari Ko'ina a Ɗaki? Ga Abin da Ke Faruwa a Jikinta

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata zomanya sunanta Fara. Shekararta biyu da 'yan watanni a wurinmu, nan Agege, a ɗaki ciki da falo na gidan haya. Da aka kawo ta tana da wata biyu, ba mu taɓa ganin dabba mai tsabta irinta ba. Kusurwa ɗaya ta zaɓa a bayan ƙofa, can take fitsarinta, can take kashinta. Muka saka mata roba a wurin, ta karɓa ba gardama.

Sai da ta kai wata biyar komai ya juya. Rana ɗaya na dawo daga kasuwar Mile 12, na shimfiɗa darduma zan yi la'asar, sai zarni ya buge ni. Kwana biyu bayan haka ta yi a kan katifa. Kashi kuwa sai ka ce an watsa gero a tsakar falo. Maƙwabciyarmu ta fara tari da gangan duk lokacin da ta wuce ƙofarmu, kuma kun san zaman gidan haya a Legas, kafin magana ta kai kunnen mai gida ba a daɗewa.

Idan wannan ya yi kama da abin da kuke fama da shi, to ku zauna mu yi magana.

Zomo yana balaga da wuri. Ƙananan jinsuna tun daga wajen wata uku da rabi zuwa biyar, manya kuma sukan kai wata shida zuwa takwas. Da zarar zomanya ta balaga, jikinta ya fara fitar da sinadaran haihuwa, hankalinta kuma ya koma kan mallakar wuri. Ita ba ta da baki da za ta ce "nan nawa ne", wari ne harshenta. Tana da wasu ƙananan maɓuɓɓugan wari a ƙarƙashin haɓarta, shi ya sa za ku ga tana goga haɓa a ƙafar kujera, a takalmi, har a ƙafarku. Mu mutane ba ma jin wannan warin. Akwai kuma wasu guda biyu a gefe da gefen al'aurarta, su ne ke tara wani maiƙo launin ƙasa-ƙasa mai wari sosai. Sai fitsari da kashi, waɗanda take amfani da su wajen shata iyaka. Kashin da kuke gani a warwatse ɗaya-ɗaya, da gangan ta baza shi. Wanda take yi saboda larura, tari ɗaya take tara shi.

Me ya sa katifa da darduma? Saboda warin jikinku ya fi yawa a kansu, kuma suna da laushi, suna tsotse ruwa. Tana ɗora nata warin a kan naku ne. Duka ko tsawa a nan asara ce kawai, don zomo ba ya haɗa tsawar da abin da ya yi ɗazu. Abin da zai koya shi ne ya gudu in ya ga hannunku.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne cikin ƙarya. Ba kamar akuya ba, zomanya ba ta da lokacin sakin ƙwai a kai a kai. Barbara ce ke sa ta saki ƙwai, wani lokaci ma hawan wata zomanyar ya isa. In ta saki ƙwan ba tare da ciki ya shiga ba, sai jikinta ya ɗauka tana da ciki har kwana 16 zuwa 18. Za ta dinga fizge gashin ƙirjinta, tana kwasar ciyawa a baki tana gina sheƙa, tana gurnani in kun miƙa hannu. Fara ta yi mana haka sau biyu. A irin wannan lokacin duk tarbiyyar robar fitsari sai ta watse.

To, mu zo kan abin da za a iya yi yau, kafin maganar likita.

Ku rage mata fili. Wannan shi ne matakin da mutane ba sa so, amma shi ya fi aiki. Ku killace ta a ɗan wuri, inda abincinta da ruwanta da robarta suke kusa da juna, na mako ɗaya ko biyu. In ta daidaita, ku ƙara mata kaɗan. Ƙofar uwar ɗaki kuwa a rufe ta, darduma a naɗe a ɗora sama. Robar ku saka ta a kusurwar da ita ta zaɓa, kada ku zaɓa mata. Kuma ta zama mai ɗan tsawon baki, domin zomanya tana ja da baya ta ɗaga jela in za ta yi fitsari, in bakin robar gajere ne sai ya zuba a waje alhali ita tana ganin ta yi daidai. Robar wanke-wanke mai faɗi ta kasuwa ta wadatar. In ta yi fitsari a wani wuri, ku goge da takarda ku jefa takardar a cikin robar, ku kwashe kashin ma ku zuba ciki.

Ga wata dabara mai sauƙi: zomo yana son cin ciyawa yana kashi a lokaci guda. Ku ajiye busasshiyar ciyawa a gefe ɗaya na robar, ko ku rataye ta daidai samanta. Za ta shiga ta zauna da kanta.

Me za a shimfiɗa a ciki? Nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure a Legas, saboda garin katako yana nan a arha, wurin masu yankan katako buhu guda ba ya tsada. Matsalar ita ce ba ku san irin icen ba, ba ku san ko an fesa masa maganin gara ba, ga ƙura mai shiga hancinta. Itatuwa masu ƙamshi irin su fain da sida ma an san suna taɓa hantar zomo. Yashin nan mai dunƙulewa da ake zuba wa kyanwa ta yi fitsari a kai kuma haɗari ne, in ta ci yana iya toshe mata hanji. Tsofaffin jaridu masu kauri, a ɗora ciyawa a kai, sun fi zama lafiya. A canza kullum. A garin da iska take a jiƙe kamar Legas, musamman watannin Yuni da Yuli da ruwa ba ya ɗaukewa, fitsarin kwana biyu ya isa ya cika ɗaki da ammoniya. Wannan iskar da ke yi muku yaji a ido, ita zomanyar hancinta yana dab da ita dare da rana, kuma tana buɗe ƙofa ga ciwon mura da huhu.

Wanki kuma, ku nemi farin ruwan khal. Fitsarin zomo yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, shi ne wannan farin dasƙararren abu kamar alli da ke manne wa roba da tayil, sabulu ba ya fitar da shi. Ku haɗa khal da ruwa rabi da rabi, ku zuba, ku bari ya ɗan jima, za ku ga yana kumfa yana narkewa. Don Allah kada ku haɗa khal da ruwan bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba. Bilic a kan ɗanyen fitsari ma haka ne. Turaren wuta da na fesawa, na san mu Hausawa da shi muke tarbar kowane wari, amma huhun zomo ba ya jure hayaƙi. In za ku turara ɗaki, ku fitar da ita tukuna. Buɗe taga ya fi, da fanka in NEPA ta yi mutunci.

Kada a yi mata wanka. Jikin zomo mai lafiya ba shi da wari, da kanta take lashe kanta. Tsoma ta a ruwa yana firgita ta, tana iya harbawa da ƙafa ta karya ƙashin bayanta. In warin daga jikinta yake fitowa, ku duba waɗancan ramuka biyu na gefen al'aura, ku jiƙa auduga da ruwan ɗumi ku tausasa maiƙon ku share a hankali, wani ya riƙe muku ita.

Bari in ɗan tsaya kan abinci, don rabin warin daga nan yake. Zomo yana da kashi iri biyu. Akwai busasshen nan mai zagaye, wanda kusan ba ya wari. Akwai kuma wani mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake fitarwa ya cinye kai tsaye, galibi da dare ko da asuba, domin a ciki yake samun wasu sinadaran gina jiki. In kuna ganin wannan mai laushin a ƙasa ko ya manne a gashin gindinta, to abincin ya yi nauyi. Dusa, burodi, ragowar shinkafa, abincin kaji, karas da yawa, duk suna jawo haka. Ya kamata ciyawa ta zama mafi yawan abin da take ci, wajen kashi 80 cikin 100, dunƙulen abincin zomo kuma kamar rubu'in kofi a yini ga mai nauyin kilo biyu da rabi.

Na yi kuskure da harawa. Ganin tana samuwa a wurin masu raguna a Alaba Rago da nan kusa da mu, sai na mayar da ita abincin Fara na kullum. Ashe harawar gyaɗa da ta wake sun fi ciyawa irin su gamba yawan kalsiyam. Fitsarinta ya yi kauri kamar kunu, zarnin ya ninka. Yanzu harawa ɗan taɓawa ce, ciyawa ce gindin abincin, ruwa kuma a kwano nake ba ta domin ta fi sha da yawa. Gindin da ya ɓaci da kashi kuwa a wannan gari namu kira ne ga ƙuda. Zai yi ƙwai, cikin yini ɗaya tsutsa ta fara cin naman. Ku ɗaga ta ku duba safe da yamma.

Duk waɗannan sun rage mana matsalar, amma ba su kashe ta ba, tunda tushen yana cikin jikinta. Abin da ya kawo ƙarshenta shi ne tiyatar cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Na daɗe ina jan ƙafa, ina ganin kuɗin ya ninka farashin zomon kansa sau da yawa. Abin da ya sa na yanke shawara ma ya wuce wari. Kansar mahaifa ta yi yawa matuƙa a zomanyar da ba a yi wa tiyatar ba, a wasu jinsuna fiye da rabinsu ne ke kamuwa in sun haura shekara huɗu zuwa biyar. Ɗaya daga alamunta jini a fitsari. Fitsarin zomo yakan yi launin ruwan lemo ko ja-ja saboda ganyen da ya ci, ya kuma washe cikin 'yan kwanaki. Amma in kun ga ɗigo ko gudajin jini a zomanyar da ba a yi wa tiyata ba, ku kai ta asibiti, kada ku jira.

Galibi ana yin tiyatar daga wata huɗu zuwa shida. Likitocin dabbobi suna da yawa a Legas, sai dai mafi yawansu karnuka da kyanwa suka saba da su, zomo kuwa maganin barcinsa yana buƙatar wanda ya goge. Ku tambaye shi zomaye nawa ya taɓa yi wa. Sannan ku tambaya ko za a hana ta abinci kafin aikin. Zomo ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa, don haka ba a sa shi azumin dare kamar kare. Wanda ya ce muku ta kwana da yunwa, ku yi masa godiya ku nemi wani.

Bayan aikin kada ku sa ran gobe komai ya gyaru. Sinadaran sukan ɗauki makonni kafin su kwanta. Fara ta sake yi mini a kan kafet sau ɗaya a mako na biyu. Daga mako na biyar kuwa ta koma kusurwarta ta bayan ƙofa. Kafet ɗin ma na naɗe shi na jefar, khal bai iya da shi ba.