Allon da Ke Cikin Kwamfuta

An kwafo daga rikodin laccar da aka yi wa sababbin ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Jiya wata ɗaliba ta tare ni a bakin aji, ta ce, "Malam, Python zan fara ko Java?" Na ce ta bari sai yau, domin kowane yaren rubuta manhaja da irin tunanin da yake ɗora mutum a kai, kuma tunanin nake so ku kama.

Galibinku kun yi makarantar allo. Ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka sake rubuta wani a gurbinsa. Haka ma'ajin ƙima, wato gurbin da manhaja ke ajiye lamba, yake a salon umarni, salon FORTRAN da John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957, da kuma C na Dennis Ritchie a 1972. A ce makin ɗalibai 40 za ka tara. Sai ka rubuta sifiri, ka ƙara maki na farko, ka wanke, ka rubuta sabuwar jimilla, haka har ka kai na ƙarshe. Yana da saurin shiga kai, don injin kansa haka yake aiki. Matsalar tana zuwa ne idan sassa biyu na manhaja suka haɗu a allo ɗaya. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina farautar kuskure, ashe wani sashe ne yake wanke jimillar kafin ɗayan ya karanta. Wallahi har yau ina jin zafin abin.

Magani biyu aka nemo. Na farko ya ce kada a wanke komai: ka ba aikin lissafi lambobi, ya dawo maka da amsa sabuwa, tsohuwar na nan yadda take. John McCarthy ya share hanyar da Lisp a 1958, Haskell kuma ya mai da ita doka a 1990.

Na biyu ya ce a ba allon mai shi. Ku tuna uwar adashi. Littafin yana hannunta, ba mai buɗe shi. Ka kai zubi, ko ka tambayi ranar ɗaukarka, ita ce za ta duba. Wannan shi ne salon abubuwa, wanda Simula ya fara a Norway a 1967, Java ya yaɗa shi daga 1995.

SQL kuwa, yaren neman bayani a rumbun bayanai, aike ne kasuwar Sabon Gari. Ka faɗi abin da kake so, ba ruwanka da layin da yaron zai bi.

To malama mai tambayar jiya, Python ya yarda da salo ukun farko duka, fara da shi. Ku duka ku rubuto mini tara makin nan ta hanya uku, ku kawo ranar Litinin. Akwai mai tambaya?