Hanyar Höllental zuwa ƙololuwar Zugspitze: inda wahalar take

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa, barkanmu da yamma. Na ga wasu na tsaye a baya, ku matso, akwai kujeru a gaba.

Dutsen da za mu tattauna a kansa yau shi ne Zugspitze, mafi tsayi a ƙasar Jamus, mita 2,962, a kan iyakarta da Ostiriya. Don ku kwatanta, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Wani hafsan soja mai aikin safiyo, Josef Naus, shi ne aka rubuta ya fara hawansa, ranar 27 ga Agusta 1820, amma ta wani kwarin daban mai suna Reintal, wanda ya fi tsawo ya kuma fi sauƙi. Tamu hanyar ita ce ta kwarin Höllental.

Ana farawa daga ƙauyen Hammersbach, kusa da garin Garmisch-Partenkirchen, a tsayin kimanin mita 760. Ku yi lissafi da kanku. Wajen mita 2,200 ke nan mutum zai hau da ƙafarsa, kuma masu ƙarfi a yini ɗaya suke yi.

Bayan tafiyar kamar awa guda cikin daji sai a isa bakin kwazazzabon Höllental, wani matsattsen tsagi tsakanin duwatsu da ruwa ke bi ta ciki, a biya kuɗin shiga. Ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Jamus, reshen Garmisch-Partenkirchen, ita ta fasa wannan hanya a farkon ƙarni na 20, aka gama a 1905. Ramuka ne aka huda a jikin dutse, da gadoji ƙanana, ruwa yana ruri a ƙarƙashinka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ta sama ma ruwan zuba yake yi, ko rana ta take sai ka jiƙe. A wasu lungunan za ka tarar da dusar ƙanƙara ta kwana tun hunturu, ta yi baƙi da ƙura. Idan sanyi ya shigo rufe wurin ake yi, saboda zaftarewar ƙanƙara.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Wannan kwazazzabon da ya fi ban tsoro a hoto, shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Iyalai da yara suna shigarsa su fito. Ban ce ba ya kisa ba, a watan Agustan 2021 ambaliya ta tafi da wata gada a can, aka yi asarar rai. Amma a rana mai kyau yaudara yake yi. Mutum ya fito ta ɗaya bakin, ya isa masaukin Höllentalangerhütte a mita 1,387, ya sha shayi, ya ce ashe abin ba wuya. Alhali ko sulusin hawan bai yi ba.

Daga nan wasa ya ƙare. Sai hular kwano, sai ɗamara mai ƙugiyoyi biyu da ake maƙalawa a igiyar ƙarfen da aka kafe a jikin dutse. Akwai wurin da suke kira Leiter, matakala ce ta ƙarfe a miƙe. Gaba kaɗan sai Brett, kuma nan ne gwiwar mutane da yawa take rawa: bango ne sumul, an dasa sandunan ƙarfe a jere, kana taka su ɗaya bayan ɗaya kana ratsawa ta gefe, tsakanin ƙafafunka kuwa sarari ne har ƙasan kwari. A gaskiya ba ya buƙatar gwaninta sosai, zuciya yake buƙata. Wanda ya daskare a tsakiya ya tsayar da duk na bayansa.

Sai tsakuwa mai zamewa, doguwa, mai cin rai. Ba abin da zan ce a kanta sai haƙuri.

Sannan a iso Höllentalferner, kogin ƙanƙara, wato ƙanƙarar da ta daskare shekara da shekaru tana gangarawa a hankali. A nan ake ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora. A 2022 masana suka cire Schneeferner ta kudu, wadda ke kan wannan dutsen, daga jerin kogunan ƙanƙara saboda ta narke ta daina motsi, Jamus ta rage da huɗu. Ta Höllental ta fi jurewa, don tana cikin inuwar manyan bangwaye, kuma dusar da ke zaftarowa daga sama tana ƙara mata.

A samanta ne matsalar take. Dutse yana ɗaukar zafin rana, sai ya narkar da ƙanƙarar da ke jingine da shi, rami ya buɗe tsakaninsu. Jamusawa suna ce masa Randkluft. A farkon bazara dusa ta cike shi, taku ɗaya ka kama igiyar ƙarfen da ke jikin dutsen. Zuwa ƙarshen bazara ya yi faɗi da zurfi, bakinsa ya yi laushi, kuma kowa ta wuri ɗaya zai tsallaka. Sai layi ya taru. Mutane suna tsaye a kan ƙanƙara, gumi ya huce, sanyi ya shiga jiki, lokaci yana tafiya. Lokaci kuwa shi ne komai, domin a duwatsun Alps hadari da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗowa a bazara, kuma abin da ya rage maka igiyar ƙarfe ce ta ɗaruruwan mitoci a fili. Wanda aradu ta riska yana maƙale da ƙarfe, sai dai addu'a. Komawa baya ma ba sauƙi, sai ka sake bi ta ramin da ƙanƙarar da Brett, a gajiye. Shi ya sa masu hankali suke kwana a masauki su fita da asuba, ni ma wannan dabarar nake ganin ta fi, ko da mutum yana ji da ƙarfinsa.

A ƙarshe sai ka ɓullo kusa da gicciyen zinare da ke ƙololuwa, wanda aka fara kafa irinsa a 1851. Kana waiwayawa sai ka ga jama'a cike da farfajiya, da silifas da kofin gahawa. Motar igiya, wato wadda ke tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, ita ce ta kawo su daga tafkin Eibsee cikin minti goma, sabuwar da aka buɗe a Disamban 2017. Kada ka raina su, da ita kai ma za ka sauka. Ka dai san lokacin tashin motar ƙarshe tun kafin ka bar gida, in ba haka ba sai ka nemi gado a Münchner Haus, masaukin da ke can sama tun 1897, wanda a bazara sau da yawa a cike yake.

Mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Wa ke da tambaya?