Majalisa ba ta isa ba: sharhi kan rumfar aikin maza

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Sharhinmu na yau a kan maza yake, amma ba matasan da kowane taro ke ambato ba. A kan magidancin da ya share shekaru yana sammako zuwa wurin aiki, yau kuma ya wayi gari ba inda ake jiransa.

Irinsa suna da yawa a Tahoua. Akwai mushen da ya yi ritaya, da sojan da ya tuɓe kaki, da direban da ido ya hana shi kama hanyar Agadez. Akwai kuma wanda ya fi shafar Adar, wato ɗan bidar da ya dawo. Kowa ya san al'adar ƙasar nan: da an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta sai su ɗaure jaka, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu Najeriya, Libiya ko Aljeriya. Rikicin Kodibuwa na 2002 da wanda ya biyo bayan zaɓen 2010, da yaƙin Libiya na 2011, sun maido da mutane gida ba shiri, har yanzu kuma ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a Assamaka, garin kan iyaka. Wanda ya dawo da kaya, gari ya tarbe shi. Wanda ya dawo hannu rabbana, ƴan kwanaki ake zuwa yi masa barka da hanya, daga nan sai ɗaki. Gidan da ya daɗe yana aiko wa kuɗi ya saba tafiya ba shi. Uwargida ce ta san farashin tiyar hatsi, ita ta san malamin yara. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ke neman shawararsa.

Na san abin da wani zai ce daga inda yake zaune: kaɗaici ai ciwon Turawa ne. Mu da muke haɗuwa a masallaci sau biyar a yini, ga suna, ga ɗaurin aure, ga zaman makoki, ga majalisa a ƙofar kowane gida? To, alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton kwamitin da ta kafa a 2023 kan zumunci tsakanin mutane. Rahoton ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta matsalar da mutuwar mutane fiye da 871,000 a shekara. Abin ɗaure kai shi ne, a ƙasashe matalauta kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kimanin kashi 11. Mu da muke bugun ƙirji da zumunci, mu ne a gaba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zama cikin mutane daban, samun wanda za ka buɗe wa ciki daban. Ku kasa kunne a majalisar da kuka fi sani. Za a yi tsadar buhun shinkafa, a yi siyasa, a yi gardama kan wanda zai ɗauki takobin kokowa bana. A sha shayi na farko, a sha na biyu, a sha na uku, a buga dara ko karta, a kira salla, a watse. Mutum zai yi shekara goma a tabarma guda da abokinsa bai taɓa ce masa "barci ya ƙaurace mini" ba. Tun yana yaro aka gaya masa namiji ba ya kuka, aka ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A tambaye shi gida, ya ce lafiya lau. A tambaye shi jiki, ya ce alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, ba mai musu, sai dai sau da yawa da ita ake toshe hanyar tambaya ta gaba.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba: majalisa tana auna mutum da aljihunsa. Wanda a da shi ke sayen ganyen shayi da sukari, yau sai dai a miƙo masa kofi, ba zai daɗe yana zuwa ba. Yau ya ce ƙafa, gobe ya ce mura, jibi an daina tambaya. Kunya ce ke kore shi, kuma kunyar namiji a wannan fanni tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu kowace shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Kafin a kai can ma akwai hawan jini da ba a auna ba, da ciwon sukari da aka bari ya ci ƙafa, da faɗan da ake sauke wa iyali ba gaira ba dalili.

Wata ƙasa mai nisa da mu, Ostireliya, ta ci karo da wannan matsala a wajen tsofaffin ma'aikatanta, sai ta ɓullo mata ta hanyar da ba ta buƙatar likita. A shekarun 1990 aka fara buɗe wasu rumfunan aiki na unguwa da suke kira Men's Shed, a garuruwa irin su Goolwa da Tongala da Lane Cove. Ɗaki ne kawai, da teburin aiki, da zarto, da guduma, da butar shayi a gefe. Mutum ya zo ranar da aka buɗe, ya gyara kujera, ya haɗa keke, ya sassaƙa abin wasan yara, ko ya riƙe wa wani katako. Ba mai ba shi albashi, ba mai ƙirga masa awa. A 2007 suka kafa ƙungiya ta ƙasa, a 2010 gwamnati ta sa rumfunan cikin manufarta ta lafiyar maza ta kuma ware musu kuɗi, yau sun haura 1,000 a ƙasar. Ireland ta buɗe ta farko a 2009, ta kafa ƙungiyarta a 2011; Birtaniya ta kafa tata a 2013.

Taken ƙungiyar Ostireliya, wanda aka ɗauko daga bakin Farfesa Barry Golding da ya daɗe yana nazarin rumfunan, shi ne cewa maza ba sa magana ido cikin ido, sai kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar dare kusa da direba, ko ya yi noma kunya ɗaya da wani, ya san gaskiyar wannan. Idan ka zaunar da dattijo ka ce, "Baba, gaya mini damuwarka," ka rufe bakinsa ke nan. Amma ka ba shi ƙusa ya riƙe, idonsa a kan katako, naka ma a kan katako, can sai ka ji ya ce, "Ni fa yaron nan nawa tun da ya tafi Libiya ban ji muryarsa ba." Aikin ne ya ba shi mafaka. Ba kuka ya zo kawowa ba, aiki ya zo yi, maganar kuwa ta fito ne a kan hanya. Can ma sun gane haka, har ma'aikatan lafiya sukan bi maza rumfar su auna su, suna kwatanta musu jiki da motar da ake kai wa gareji tun kafin ta tsaya.

Ba cewa nake a kwaso abin Turawa a dasa a unguwannin Bilbis ko Wadata ba. Mun riga mun san rabin abin. Gayya tamu ce tun kaka da kakanni. Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta gina ajujuwa da guminta, ko da yake siyasa ta shiga ciki. Manoman Illela da suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake farfaɗo da fako da ramuka, sun dawo sun inganta tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci, har ta bazu a Badaguichiri da kewaye. Makarantar mazaje da aka soma a Damagaram a 2008 tare da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa magidanta suna iya zama su tattauna haihuwa da awon ciki, abin da a da ake ganin ba ya faɗuwa a bakin namiji, wasu har suka gina makewayi da ɗakin ungozoma a cibiyoyin lafiya.

Mata kuwa, a faɗi gaskiya, sun yi mana nisa. Tun 1991 aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi, tsarin da daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Kowane mako suna zagaye akwatin asusu. Kuɗin ne ya tara su, amma a nan mace ke jin wadda mijinta ba lafiya, da wadda ɗiyarta ta yi yaji. Namiji da ya bar aiki ba shi da irin wannan rana a makonsa.

Abin da muka rasa shi ne wurin da zama da aiki suka haɗu. Majalisa tana da zama ba aiki. Gareji da maƙera da shagon kafinta suna da aiki, amma na neman abinci ne, mai shi ba ya da lokacin tsoho mai son hira. Hannayen kuwa suna nan. Ɗan bidar da ya dawo daga Libiya ya iya gini da fenti da walda. Na Abijan ya iya gyaran babur. Tsohon mushe ya iya lissafi da riƙon littafi. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a fitar da tukunya ya san ba basira ce ta yi mana ƙaranci ba. Aikin yi ma ba sai an nema ba: bencinan makaranta da suka karye aka jibge bayan aji alhali yara na zaune a ƙasa, keken guragu da ya rasa taya, amalanken kwasar shara, fitilun sola da suka mutu saboda waya guda ta tsinke, makarar masallaci, dashen itatuwa a maƙabarta.

Yadda za a kira mutum ma yana da muhimmanci. Kada a je a ce masa an buɗe wurin taimakon masu damuwa. Ba zai taka ba, kuma ya yi daidai. A je a ce, "Malam, wani aiki ya gagare mu, ko za ka zo ka duba mana?" Mutumin da ya daɗe ba a nemi iyawarsa ba, wannan kalma ta fi masa kyautar jika goma.

Sai dai akwai ramuka a hanya, gara a faɗe su tun yanzu. Babba daga ciki shi ne furoje. Ranar da aka kafa allo mai tambarin masu ba da tallafi, aka fara raba kuɗin zama, ranar abin ya mutu, domin waɗanda za su cika wurin ba su ne masu buƙatarsa ba, kuma da kuɗin sun ƙare za a sa kwaɗo. Mun ga haka ba sau ɗaya ba. Gara kowa ya kawo abin da yake da shi, wannan tsohon zarto, wancan dala ashirin ta gawayi, wanda ba ya da ko ɗaya ya kawo hannunsa, kuma kada a rubuta wa ya ba da me.

Sannan akwai maganar gado. A Adar ƙira da jima da dukanci da fawa sana'o'in gida ne, kuma akwai mai ganin cewa ɗaukar guduma zubar da girma ne ga wanda ya taɓa zama a ofis. Ba a kawar da wannan da wa'azi. A fara da ayyukan da ba na gidan kowa ba, kamar kafinta da gyaran keke da garka, sauran ya biyo baya idan an saba. Kada kuma rumfar ta ci abincin masu sana'a. In ta fara karɓar kwangilar ƙofofi da gadaje a farashi mai rahusa, kafintan unguwa mai ƴaƴa takwas zai zama abokin gaba, kuma da gaskiyarsa. Ta tsaya kan abin da ba mai biya: kayan makaranta, na masallaci, na marayu. In ma an yi dabara, shi kafintan ne zai zama malamin wurin rana ɗaya a mako. Siyasa kuwa a bar ta a bakin ƙofa tare da takalma.

Wani zai ce mutumin da ba ya da abin cefane, ina shi ina aikin kyauta? Tambaya ce mai nauyi, kuma rumfa ba ta maye gurbin aikin yi, ba ta maye gurbin fansho, ba ta kuma maye gurbin likita ga wanda ciwon ya yi wa nisa. Irin wannan asibiti za a raka shi. Amma wanda ke fita kullum ana ganin aikin hannunsa shi ake tunawa idan wani yana neman magini. Na cikin ɗaki ba mai tuna shi. Samarin fada da ke zaune gefe suna kallo ma, wani zai matso ya riƙe ma'auni, daga nan ya koyi abin da ba a koya masa a gida ba.

Abin da ake buƙata daga hukuma kaɗan ne. Ma'aikatar magajin gari tana da ɗakunan da ke rufe, makarantu suna da lungun da ba a amfani da shi, masu unguwanni sun san kowane gida da wanda ya daina fitowa. A ba da wuri, a ba da mabuɗi ga mutum biyu da unguwa ta yarda da su, a sa ma'aikacin lafiya ya leƙo da abin awon jini sau ɗaya a wata. Daraktocin makarantu kuma su ƙirga bencinan da suka karye tun kafin hutun damina, a kwashe su zuwa rumfar, domin a watan Oktoba yara za su koma aji.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.